Shin Ko Kun San? Yadda Kwamfuta Ke Zana Hoto Kafin Ƙiftawar Ido

Shin ko kun san cewa filin ƙwallon da yara ke kallo a shagon buga gem ba a ajiye yake a cikin na'urar a matsayin hoto ba? Babu kyamarar da ta ɗauke shi. 'Yan wasa da ciyawa da inuwa da cincirindon 'yan kallo duk lambobi ne, na'urar ce ke zana su sabo fil sau 60 a kowane sakan. Kowane hoto ke nan bai samu ko kashi 17 cikin dubu na sakan ba. In aka makara, sai hoton ya riƙa tsayawa yana fizga, mai wasa ya ji a yatsunsa tun kafin ya gane da ido.

Allon da ke da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye yana ɗauke da ɗigon haske 2,073,600. Ku ninka sau 60, za ku ga ɗigo sama da miliyan 124 ake zaɓa wa launi a sakan guda. Allon da ake kira 4K ninki huɗu ne na wannan.

Mutane kan ɗauka ƙarfin inji ne kaɗai ya kawo wannan sauri. Ƙarfin inji ya taimaka ƙwarai, amma a ganina gwanintar da ta fi cancantar yabo ita ce sanin aikin da za a bari. Kusan duk wani babban ci gaba a wannan fanni amsa ce ga tambaya guda: me za mu ƙi lissafawa ba tare da ido ya lura ba?

Shin ko kun san cewa zana miƙaƙƙen layi ma sai da aka yi masa dabara? A 1962 Jack Bresenham, ma'aikacin kamfanin IBM, yana neman yadda kwamfuta za ta tuƙa alƙalamin wani injin zane da ke motsawa taki-taki. Ninkawa da rabawa suna cin lokaci a injinan wancan zamani, sai ya fito da hanyar da ba ta buƙatar komai sai tarawa da ɗebewa. A kowane taki tambaya ɗaya ce, a miƙe ko a ɗan karkata. An buga dabarar a 1965, kuma har gobe ana koya wa ɗalibai ita.

A 1963 Ivan Sutherland, ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka, ya nuna manhajar Sketchpad: mutum ya ɗora wani alƙalami mai gane haske a kan allo, ya ja layi, layin ya bayyana nan take. Kafin wannan, yawancin masu aiki da kwamfuta sai su miƙa katunansu masu huji su tafi, su dawo daga baya su karɓi amsa a takarda.

Ko kun san cewa fuskar jarumin gem da tayar mota da ita kanta ƙwallon duk da ƙananan alwatika aka haɗa su? Dalilin shi ne kusurwa uku dole su kwanta a kan shimfiɗa ɗaya. In huɗu ne, ɗaya na iya tashi ta lanƙwasa fuskar. Abin da ba ya lanƙwasa kuwa lissafinsa da sauƙi. Ga wata riba kuma: a jikin duk wani rufaffen abu, kusan rabin alwatikan sun juya wa mai kallo baya. Ɗan lissafi kaɗan ya isa a gane su, sai a zubar da su tun kafin a fara shafa launi. Rabin aiki ya tafi, babu wanda ya rasa komai.

Shin ko kun san cewa sashe ɗaya na jami'a ɗaya ne ya haifi mafi yawan tushen wannan fanni? Jami'ar Utah ce, da ke birnin Salt Lake. David Evans ya kafa sashen kwamfuta a can a 1965, Sutherland ya same shi a 1968. Ku dubi ɗaliban da suka bi ta hannunsu: John Warnock da ya kafa Adobe, Jim Clark da ya kafa Silicon Graphics, Ed Catmull da ya jagoranci Pixar, da Jim Blinn wanda ya zana wa duniya tafiyar kumbunan Voyager. A lokacin babu na'urar da za ta ɗauki siffar abu ta zuba a kwamfuta, don haka a 1972 wasu ɗaliban sashen suka zagaye wata mota Volkswagen Beetle ta gidan Sutherland, suka zana mata layuka a jiki, suka auna kowace mahaɗa da hannu.

A nan ne wani Bafaranshe, Henri Gouraud, ya warware matsalar kusurwa-kusurwa a 1971. Abin da aka haɗa da alwatika yakan fito kamar an sassaƙa shi da wuƙa. Hanya mai tsada ita ce a ƙara yawan alwatikan. Shi kuwa ya ce a lissafa haske a kusurwoyi uku kaɗai, sannan a gauraya launin a hankali a tsakaninsu. Siffar ba ta canja ba, amma ido ya ga santsi. Da fuskar matarsa ya gwada, bayan ya zana mata layukan awo.

Bayansa sai Bui Tuong Phong, haifaffen Biyetnam, wanda ya samo sauƙaƙan lissafin ƙyallin nan da ake gani a jikin abu mai sheƙi. Lissafin nasa ba ainihin dokar haske ba ce, kwaikwayo ne da ya dace da abin da ido ya saba gani, kuma yana da arha. Ya kammala digirinsa na uku a 1973, cutar sankara ta ɗauke shi a 1975 yana da shekara 32. Duk wanda ya taɓa buga gem a shekarun 1990 da 2000 ya ga aikin wannan bawan Allah, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Kun san kuwa cewa dabarar da masana suka ga ta yi tsada da yawa ita ce ta yi nasara a ƙarshe? Matsalar ita ce wane abu ke gaban wane. Masu bincike sun daɗe suna ƙirƙiro hanyoyi masu sarƙaƙiya na jera abubuwa daga nesa zuwa kusa. A 1974 Catmull a Utah da Wolfgang Strasser a Jamus, kowa da kansa, suka kawo shawara mai sauƙi: kowane ɗigo a allo a ba shi wurin rubuta nisan abin da aka zana a kansa. In sabon abu ya zo, a duba. Ya fi kusa, a shafe na da. Ya fi nisa, a yi watsi da shi. Babu jerawa, babu dogon tunani. Illarta ɗaya, tana buƙatar ma'ajiya mai yawa, a zamanin da na'urar riƙe hoto guda mai ɗigo 512 sau 512 ta kamfanin Evans da Sutherland ta kai kimanin dala 15,000. Da farashin ma'ajiya ya faɗi, sai ta mamaye ko'ina. Tana cikin wayar da ke aljihunku.

Shin ko kun san cewa abin da ya fi kowane shahara a wannan fanni butar shayi ce? A 1975 Martin Newell yana neman abin gwaji, matarsa ta ba shi shawarar butar da ke gabansu a tebur. Ta dace kuwa: tana da ciki zagayayye, da mariƙi mai rami, da baki mai lanƙwasa, tana kuma jefa wa kanta inuwa. Ya zana ta a takarda, ya mayar da ita lambobi, masu bincike suka yi ta amfani da ita shekara da shekaru. Butar ta asali tana gidan tarihin kwamfuta da ke Mountain View a jihar Kalifoniya.

Akwai wata hanya dabam, mai gaskiya amma mai nauyi: bin sawun haske. Daga idon mai kallo a harba layi ta kowane ɗigo, a ga me zai bugo. In madubi ne a bi shi inda ya karkata, in gilas ne a ratsa da shi. Arthur Appel na IBM ya fara a 1968, Turner Whitted na Bell Labs ya cika ta a 1980 da hotonsa na ƙwallaye masu sheƙi a kan dabe mai ɗaki-ɗaki. Hoton nan guda ya ci minti 74 a kwamfutar VAX. Whitted ya lura cewa mafi yawan lokacin yana tafiya ne a tambayar ko wannan layi ya taɓa wancan abu. Shi ya sa waɗanda suka biyo baya suka riƙa sa abubuwa cikin akwatuna na lissafi, akwati cikin akwati: in layi bai taɓa babban akwatin ba, babu buƙatar tambayar dubban abubuwan da ke cikinsa.

A 1986 Jim Kajiya na Caltech ya tattara dukan tafiyar haske cikin lissafi ɗaya, ya kuma nuna yadda za a kusanci amsarsa ta hanyar harba layuka barkatai a ɗauki matsakaicinsu. Hoton yakan fito da tsaki-tsaki, kuma dokar tana da tsauri: in kana so tsakin ya ragu da rabi, sai ka ninka layukan sau huɗu. Sai da aka yi shekara 20 kafin a ga cikakken fim da aka zana ta wannan hanya, wato Monster House na 2006.

Shin ko kun san cewa fim ɗin Toy Story na 1995 ya ci awa 800,000 na aikin inji? Hotuna 114,240 ne, kwamfutocin Sun guda 117 suka zana su dare da rana, kowane hoto daga minti 45 har zuwa awa 30. Faɗin hoton kuwa ɗigo 1,536 ne sau 922, bai kai na allon wayoyi da yawa na yau ba. Za ku zaci da injina suka ƙara ƙarfi lokacin zai ragu. Bai ragu ba. Jim Blinn ya daɗe da lura da haka har ana kiran abin dokar Blinn: duk saurin da aka samu, masu zane sai su cinye shi da ƙarin gashi da hayaƙi da ruwa. Fim ɗin Big Hero 6 na Disney, a 2014, ƙwaƙwalen lissafi 55,000 aka tara masa.

Masu fim suna iya jira. Masu gem ba su da wannan gata, shi ya sa mafi daɗin dabarun a wurinsu suke.

Ko kun san cewa a Super Mario Bros. na 1985 gajimare da ƙananan bishiyoyi zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya? Dukan wasan kilobait 40 ne, hoto guda da kuka ɗauka da waya ya ninka shi sau da yawa. Hazon da ya lulluɓe gari a wasan Silent Hill na 1999 kuwa ya yi aiki biyu: ya ɓoye cewa PlayStation ta farko ba ta iya zana abin da ke nesa, ya kuma zama abin da ya fi tsorata masu wasa.

John Carmack na kamfanin id Software shi ne gwanin wannan fage. A Wolfenstein 3D na 1992 bai harba layi ga kowane ɗigo ba, sai layi ɗaya ga kowane ginshiƙin allo, allon kuma faɗinsa ɗigo 320 ne. A Doom na 1993 ya ɗauko wata dabara daga takardar bincike ta 1980 ta Fuchs da Kedem da Naylor: a rarraba taswirar wasan gida biyu-biyu tun kafin a sayar da shi, ta yadda ko'ina ɗan wasa ya tsaya, jerin bango daga kusa zuwa nesa a shirye yake. An biya farashi: a Doom babu ɗaki a kan ɗaki, babu bango mai jirkicewa. Mutane miliyoyi sun buga shi ba su ji sun rasa komai ba.

Shin ko kun san cewa akwai wata lamba da masu rubuta manhaja ke ambata har yau da mamaki? Ita ce 0x5F3759DF, wato 1,597,463,007. Lissafin haske yana buƙatar wani aiki mai nauyi sau miliyoyi: a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wata, sannan a raba ɗaya da ita. A cikin Quake III Arena na 1999 an kauce wa wannan. A ɗauki lambar yadda take kwance a ma'ajiya, a gusa ta taki ɗaya, a ɗebe ta daga wannan lamba ta mamaki, a yi gyara sau ɗaya. Amsar ba daidai take ba, amma kuskurenta bai kai kashi 0.2 cikin ɗari ba, ido kuwa ba ya ganin irin wannan. Jama'a sun gan ta sarai da aka saki rubutun wasan a 2005. Carmack ya ce ba shi ya ƙirƙiro ta ba, masu bin diddigi suka kai ta ga Greg Walsh na kamfanin Ardent a ƙarshen shekarun 1980.

Abin da ke nesa ba ya buƙatar ado. Jim Clark ya rubuta haka a 1976: a ajiye abu iri-iri, mai alwatika da yawa na kusa, mai kaɗan na nesa. Lance Williams ya yi wa zanen da ake liƙa wa jikin abubuwa irin wannan a 1983, ana ajiye shi cikakke, da rabinsa, da kwatansa, har ƙasa. Ƙarin wurin da duka wannan ke ci kashi ɗaya bisa uku ne kacal.

Kun san kuwa bambancin babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta da injin zane da ake kira GPU? Ta farkon kamar ƙwararren manomi ce, ya iya kowane aiki amma shi kaɗai ne ko shi da 'yan kaɗan. GPU kuwa gayya ce: dubban hannaye a gona ɗaya, kowa da kunyarsa, duka aiki iri ɗaya a lokaci ɗaya. Zanen hoto ya dace da gayya domin launin wannan ɗigo ba ya jiran na wancan. Clark ya fara sa lissafin siffofi cikin ƙwayar lantarki a jami'ar Stanford a farkon shekarun 1980. Injinan Silicon Graphics ne suka zana dabbobin Jurassic Park a 1993, fasaharsu kuma ta shiga Nintendo 64 a 1996. A wannan shekarar katin Voodoo na 3dfx ya kawo abin cikin kwamfutar gida. Nvidia, wanda aka kafa a 1993, ya fito da GeForce 256 a 1999 ya yayata sunan GPU. Katinsa RTX 4090 na 2022 yana da ƙananan ma'aikata 16,384.

Shin ko kun san cewa wayarku tana zana hoto ne gutsure-gutsure? Wayoyin Tecno da Infinix da itel da suka cika kasuwanninmu yawanci suna ɗauke da injin zane na Mali, na kamfanin Arm, ko PowerVR na Imagination da ke Ingila. Dukansu suna yanka allo zuwa ƙananan murabba'ai, misali ɗigo 16 sau 16, su gama kowanne a cikin ƙwayar kanta kafin su fitar da shi. Dalili shi ne batir: kai-kawo tsakanin injin da babbar ma'ajiya yana shan caji sosai. In kuma wayar ta ɗau zafi gem ya fara nauyi, ita ce da kanta ta rage gudu don kada ta lalace. Asalin Mali kuwa aikin wasu ɗalibai ne a birnin Trondheim na Norwe, Arm ya sayi kamfaninsu a 2006.

Ba wasa kaɗai ba ne. Tun kafin gem ya zama kasuwa, masu sayen injinan Evans da Sutherland su ne masu horar da matuƙan jirgin sama. A ɗakin kwaikwayon tuƙi, in hoton ya makara bayan motsin hannu, matuƙi zai koyi abin da ba daidai ba, wani ma ya ji jiri. Duk matuƙin da ke jigilar alhazai ya sha gwada mutuwar inji da sauka cikin hazo a irin wannan ɗaki, a gaban filin jirgin da kwamfuta ke zanawa nan take.

Idon ɗan Adam ma yana da inda ake samun rangwame. Wurin da yake gani tar bai fi faɗin farcen babban yatsa ba in an miƙe hannu. Sauran duk dishi-dishi ne, ƙwaƙwalwa ke cikewa. Gilasan zamani irin PlayStation VR2 na 2023 suna bin ƙwayar ido, su zuba ƙarfi inda take kallo, su sassauta a gefe.

Ko kun san cewa fiye da rabin zangon farko na shirin The Mandalorian, na 2019, a ɗaki ɗaya aka ɗauke shi? An zagaye 'yan wasa da katafaren allo mai tsayin kusan mita 6, manhajar gem ta Unreal tana zana hamada da duwatsu a kansa, hoton yana sauyawa daidai da motsin kyamara. Hasken allon shi ke sauka a jikin sulken jarumin, abin da koren ƙyallen da masu fim suka saba rataya wa a bayan 'yan wasa ba ya iya bayarwa.

Wanda ya fi faranta mini rai shi ne wannan. A watan Maris na 2025 fim ɗin Flow, na Gints Zilbalodis ɗan ƙasar Latbiya, ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin zane, ya doke na manyan kamfanonin Amurka. Da Blender aka yi shi, manhajar da kowa zai iya saukewa kyauta, kuma da sashenta mai zane nan take da ake kira EEVEE. Ita Blender ɗin, a 2002 jama'a suka yi karo-karo na yuro 100,000 cikin mako bakwai suka fanshe ta ta zama ta kowa. Matashin da ke koyon zane a Kano ko Damagaram kayan aiki ɗaya yake riƙe da su da wanda ya ci wannan kyauta. Abin da ya rage masa wuta ce da kwamfuta mai ɗan ƙarfi da haƙuri, kuma na san biyun farkon ba ƙananan abubuwa ba ne a wurinmu.

Shin ko kun san cewa katin buga gem ne ya buɗe wa ƙirƙirarriyar basira ƙofa? A 2012 Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton, a jami'ar Toronto, suka horar da manhajar gane hotuna da katin GTX 580 guda biyu, a kan hotuna miliyan 1.2, cikin kwana biyar zuwa shida. Kuskurensu kashi 15.3 cikin ɗari, na biye da su 26.2. Lissafin da ke juya alwatika da wanda ke horar da irin wannan manhaja dangin juna ne, ninkawa da tarawa masu ɗimbin yawa.

Daga nan sai basirar ta juyo ta shiga aikin zanen kansa. A 2018 Nvidia ya fito da katunan RTX masu bin sawun haske nan take, shekara 38 bayan minti 74 na Whitted. Amma layi ɗaya ko biyu kawai ake harbawa ga kowane ɗigo, inda masu fim ke harba ɗaruruwa ko dubbai; hoton ya fito da tsaki, wata manhaja ta share. Fasahar DLSS ta ƙara gaba: a zana kwatan ɗigon da allon 4K ke buƙata, basirar ta cike sauran. A 2022 aka ƙara mata ƙirƙiro hoto sukutum tsakanin hotuna biyu. In an haɗa su, ɗigo bakwai cikin takwas hasashe ne. Dabarun da na lissafa a baya rage lissafi suke yi. Wannan kuwa maye gurbinsa take yi da zato, kuma ina ganin wannan sauyi ya fi kowanne girma a tarihin fannin.

Manhajojin da ke zana hoto daga rubutu ba su san alwatika ba sam. Ian Goodfellow ya gabatar da hanyar manhajoji biyu masu gasa a Montreal a 2014, ɗaya na ƙirƙira ɗaya na kama ƙarya, wadda daga baya ta haifi fuskokin mutanen da ba a taɓa haifa ba. Hanyar da ta fi tashe yanzu tana farawa ne da tsaki zalla ta riƙa share shi kaɗan-kaɗan har hoto ya fito. A takardar 2020 da ta farfaɗo da ita taki 1,000 ake yi. Masu bincike a jami'ar Munich suka ce a matse hoton tukuna, mai ɗigo 512 sau 512 ya koma 64 sau 64, a yi aikin a can sannan a buɗe shi. Wannan ce ta zama Stable Diffusion a watan Agusta na 2022, mai taki 20 zuwa 50. A Nuwamba 2023 SDXL Turbo ya sauko da shi taki ɗaya.

Haka ma gina wuri daga hotunan kyamara. Hanyar NeRF ta 2020 tana cin kwana ɗaya ko biyu kafin ta koyi wuri guda. A 2022 Thomas Müller da abokan aikinsa suka mayar da shi 'yan sakanni. A 2023 masu bincike na Inria a Faransa da cibiyar Max Planck a Jamus suka wakilci wuri da miliyoyin ƙananan ɗigo masu laushin gefe, ana yawo a cikinsa da hoto sama da 100 a sakan.

Saurin yana da nasa haɗari. A Maris 2023 hoton Fafaroma Francis cikin farar rigar sanyi mai kumburi ya zagaya duniya, Midjourney ce ta zana shi. A ranar 22 ga Mayu na wannan shekara hoton ƙarya na fashewa kusa da ma'aikatar tsaron Amurka ya girgiza kasuwar hannun jari na ɗan lokaci. Ƙirga yatsu, da ake ba da shawara a da, ya daina isa. A wuraren da hoto ɗaya a WhatsApp kan iya tayar da unguwa, tambayar wa ya fara turo shi ta fi ƙura masa ido amfani.

Shin ko kun san cewa sauƙaƙawar da ake yi ba ta zama daidai ga kowace fata ba? A 2001 Henrik Wann Jensen da abokan aikinsa a Stanford suka samo hanya mai sauri ta kwaikwayon yadda haske ke shiga cikin abu ya yawata ya fito, irin na madara da farin dutse da fata. Aiki ne mai kyau, ya kai su ga kyautar fasaha ta masu ba da Oscar, ya kuma zama ma'aunin zana fatar mutum. Sai dai Farfesa Theodore Kim na jami'ar Yale, wanda ya yi aiki a Pixar, ya nuna a 2020 cewa wannan ratsawar haske ta fi rinjaye ne a farar fata. A baƙar fata sheƙin da ke saman fatar ya fi tasiri a abin da ido ke gani, kuma shi ne bai samu irin wannan kulawa ba. Wanda ya taɓa ganin baƙin mutum a gem ya fito fari-fari kamar ya yi wanka bai shafa mai ba, to ga ɗaya daga cikin dalilan. Duk lokacin da injiniya ya ce ido ba zai lura ba, akwai fuskar da ya gwada da ita.

Gashi ma haka. An yi shekaru ana rubuta takardu a kan gashi mai santsi da mai ɗan lanƙwasa, irin namu kuwa masu zane sai dai su yi ta fama da kayan aikin da ba don shi aka ƙera su ba. A 2024 Kim da ɗalibansa, tare da A.M. Darke ta jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, suka gabatar da aikin da suka kira Curly-Cue. Sun siffanta abubuwa uku da duk mai kitso ta sani da hannunta: yadda gashin ke yin soso kusa da fatar kai kafin silalai su haɗu su nannaɗe tare, yadda nannaɗin ke juyawa ya koma ɗaya ɓangaren a tsakiyar hanya, da yadda wasu silalai ke ficewa daga nannaɗin su sake komawa ciki. Suka mayar da kowanne lissafin da kwamfuta za ta iya yi cikin sauri.